Sojojin Dalma da Tulun Iri

Ranar da kuka zo zaurena gaisuwa, ku samarin shagon buga allon talla na bakin tasha, ɗayanku ya ɗauki ɗan sojan dalmar da ke kan taga, ya jujjuya shi, ya ce: “Baba Sale, wannan ya yi kyau, har ƙyalli yake. Amma ai wasan yara ne, minti goma na gama irinsa.” Na yi dariya kawai na miƙa muku fura, don bakin da ke shan fura ba ya gardama. Ban ba ku amsa ba a ranar, ga ta yau. Wannan da kuka yaba shi ne aiki mafi muni da hannuna ya taɓa yi, kuma saura ƙiris ya sa mu cinye irin geronmu.

Layi na farko da na ja a jikin mota, a wani gareji ne a Kano, bayan na shekara uku a hannun maigidana Tanko. Shekara ukun nan ba abin da nake yi sai wanke buroshi da kananzir, da goge katako da samfefa, da dama fenti har kafaɗata ta sage. Ranar da ya ba ni buroshi, jan layi ne siriri a gefen bodin katako, daga kai har gindi. Na ja, na ga ya miƙe, na ja da baya ina jiran yabo. Ya zo ya kanne ido ɗaya ya hango shi daga ƙarshe, ya ɗauki tsumma ya goge tas, ya ƙwanƙwashe ni a bayan hannu da ƙotar buroshi. Sau bakwai na ja layin nan a yini ɗaya. Karatunsa uku ne kacal: layi ya miƙe, launi ya fito, aiki ya yi ƙyalli. Yakan ce motar da ta fita daga hannunsa, idan ta doso gari ko makaho sai ya ji a jikinsa. Karatun nan ya shiga hannuna har ya zama ba sai na yi tunani ba.

Da na dawo ƙauyenmu, nan kusa da Tsanyawa, sai na raba shekara biyu: damina ina gona, rani ina fenti. Na yi wa wani Alhaji dawisu a ƙofar bayan motarsa ta ɗaukar gyaɗa, gashin jelarsa kaɗai launi tara ne, ranar kasuwa mutane suka bar ciniki suka zagaye ta. Na yi allunan shaguna, da akwatunan ƙarfe, da amalanke, da bangon makaranta. Ba na jin akwai wanda ya fi ni tsabtar layi daga nan har Shanono, kuma ban ɓoye wa kowa cewa na san haka ba.

Sai shekarun wuya suka shigo. Ku ba a haife ku ba, amma iyayenku za su ba ku labarin lokacin da ake bin layi saboda sabulu da madara. Kayan gyaran mota suka ɓace, manyan motoci suka hau duwatsu a garejoji, wanda tasa ke motsi ma taya yake nema, ba dawisu ba. Na koma wa gona gaba ɗaya, kuma a shekarar na yi binne. Binne shi ne ka shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don ruwan farko ya tarar da shi a ciki ka riga kowa. Ruwan ya zo, amma yayyafi ne, daidai wanda zai tashi iri daga barci. Gero ya tsiro, ya fito da kai, sannan sama ta ɗauke ɗif. Kullum da safe ina zagaya gona ina kallonsa yana jira, har ya ƙone a tsaye. Muka sake shuka, ita ma ba ta yi abin kirki ba. Abin da muka girbe bai kai mu tsakiyar rani ba.

Abu ɗaya ya rage a gidan, tulun iri na Inna, mahaifiyata. Gero ne mai saurin nuna, wanda marigayi babanmu ya shekara da shekaru yana zaɓar zangarniyarsa mafi kyau yana warewa. Inna ta sussuka abin da ya saura, ta gauraya shi da toka saboda ƙwari, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta. Ba mai taɓa shi. A wannan shekara iri a kasuwa ya fi ƙarfin irinmu, wanda ake samu ma ba ka san asalinsa ba. Idan aka fasa tulun nan aka yi tuwo, za mu ƙoshi na ’yan kwanaki, sannan damina ta zo ta same mu da gona ba abin zubawa. Muna ta lallaɓawa da dusa da garin kwaki har bazara ta shigo.

A cikin wannan hali aka kira ni wani ɗan aiki a wajen madatsar ruwa ta Watari: rubuta lambobi a jikin sandunan da ake kafawa a hanyar ruwa don a san zurfinsa. Aikin yini biyu ne. Ina cikin yi sai na ji mutum tsaye a kaina. Wani Bature ne dogo, mai awon hanyoyin ruwan, wanda kowa ke kira Mai Awo don ba wanda ya iya faɗin sunansa. Yana jin Hausa, amma ɗaya-ɗaya yake tsinto kalmomin. Ya durƙusa ya daɗe yana duba ƙananan layukan da ke tsakanin lambobin, ya ce: “Malam Sale, za ka iya abin da ya fi wannan ƙanƙanta?” Na ce: “Yallaɓai, ko a bayan ƙuda ne zan rubuta maka sunanka, in dai zai tsaya.” Ya yi dariya, ya je motarsa ya ɗauko gwangwanin taba, ya buɗe, ya ɗora mini wani abu a tafin hannu.

Har yau idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Mutum ne na dalma, tsawonsa bai wuce gaɓa biyu ta ɗan yatsa ba, amma ba abin da aka bari. Ga hular kwano da raga a kanta, ga riga mai aljihuna, ga gorar ruwa a ƙugu, ga igiyar takalmi. Ya ɗan sunkuya kamar mai gudu da kaya, har ana ganin inda nauyin jaka ya ja masa riga a kafaɗa. Na ce: “Tsarki ya tabbata ga Allah, wane ne ya ƙera wannan, da wane irin ido?” Mai Awo ya ce sojojin laima ne na ƙasarsu, irin waɗanda ake sako su daga jirgin sama. Yana da su cike da akwati, duk farare ba fenti, shi kuma hannunsa rawa yake. Ya ba ni goma na gwaji, da hoto mai launi da ya yanko daga littafi, da ’yan gwangwanayen fenti kamar murfin kwalba. Idan suka yi, aikin akwatin duka nawa ne. Na ce ni hatsi nake so a biya ni da shi. Ya ce motarsa tana zuwa kudu inda aka sami masara, wannan ba wuya.

Kafin in taɓa su sai da na je wurin Malam Habu, limamin unguwarmu, don zuciyata ba ta kwanta da siffar mutum ba. Ya saka tabarau, ya juya ɗaya a hannunsa, shi ma ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni ko bauta musu ake yi, na ce a’a, wasa ake da su. Ya tambaya ko ni na ƙera, na ce a’a. Ya ce: “To, Sale, ga iyali ga halin da ake ciki. Ka yi musu riga, amma ka bar idanu.” Na riƙe maganar nan. Duk sojan da ya bi ta hannuna, inuwa kawai nake sa masa a ƙarƙashin hula, ban taɓa ɗiga wa ko ɗaya ido ba.

Buroshin da ya fi kowanne siriri a jakata, da na kara shi da sojan sai ya zama tsintsiya. Dole na haɗa nawa. Na samo jelar kurege wurin wani maharbi, na zaɓi gashi kamar goma sha biyu, na daidaita bakinsu, na ɗaure da zare, na cusa a ƙotar gashin zabo. Buroshin zana kirtani da igiyar takalmi kuwa gashi uku ne. Sojan ba ya riƙuwa da yatsa, sai na manna ƙafarsa da ƙaro a kan guntun kara, karan nake riƙewa ina juyawa. Aikin ba ya yiwuwa sai daga hantsi zuwa azahar, a bakin ƙofar zaure inda haske ke shigowa ta gefe. Gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, tafin hannu biyu a haɗe, ka ɗauke numfashi, ka ɗiga, sannan ka sake shi. Idan ka gama ka kifa ƙwarya a kai saboda ƙuda. Mai minti goma, ka fara haɗa buroshin tukuna, mu ga ko za ka gama kafin la’asar.

Da na zauna na duba hoton nan sosai, sai tausayi ya kama ni. Rigar sojan duk dabbare-dabbare ce, nan kore, nan ruwan ƙasa, nan kamar an goga masa laka, fuskarsa ma da baƙi-baƙi. Na ce a raina wannan bawan Allah an ɗauke shi hoto bai shirya ba, ga shi ko wanki bai samu ba. A garinmu ba a fita da mutum cikin jama’a da dauɗa, kuma ba a mayar wa mai aiki kayansa sai sun fi yadda ya zata. Don haka na wanke su tas. Na ajiye fentin Mai Awo da na ga duk ya dushe, na ɗauko ragowar nawa na mota. Riga kore shar, maɓallai ruwan ɗorawa, takalmi baƙi wul, ’yan kaɗan da ke da hular yadi maimakon ta kwano na yi wa hular ja zur. Na ja farin layi a gefen wando don kwalliya, na bi su da man ƙyalli sau biyu. Da na jera su a kan faifai, mai ɗakina ta ce kamar za su je ɗaurin aure. Na ji daɗin maganar nan, wauta ta kai haka.

Na hau keke na kai masa su har gidan da yake zaune kusa da madatsar. Ya buɗe ƙwaryar, ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ni ma na taya shi don na zaci murna ce. Sai dariyar ta tsaya. Ya ɗaga ɗaya a rana, ƙyallin ya haske masa ido. Ya ce: “Hannunka babu kamarsa, Malam Sale. Amma waɗannan, kafin ƙafarsu ta taɓa ƙasa an harbe su duka.” Ya nuna mini dabbare-dabbaren hoton ya ce ba dauɗa ba ce, haka aka yi rigar da gangan, kuma tun asali masu fenti ne irina suka riƙa shafa ta da babban buroshi, don mutum ya ɓace a cikin ciyawa. Shekara ashirin ina koyon yadda za a hango abu daga nesa, ashe akwai masu sana’ata da aikinsu shi ne kada a gani.

Ya ce in shigo in ga inda za su tsaya. A falonsa akwai tebur kamar ƙofa biyu a haɗe, a kansa an gina gari guda: kogi, da gada, da gidaje masu jan rufi, da itatuwa na soso. Na tsaya baki buɗe. Shi da wani abokin aikinsa suke wasan ranar hutu, suna auna tafiyar kowane soja da tef, suna jefa ƙwayar ludo don a san harbi ya samu ko ya kuskure. Na tambaya ko caca ce, ya ce ko sisi ba a sawa, wani yaƙi ne da aka yi da gaske suke maimaitawa. An sako mutanen nan da laima can cikin ƙasar abokan gaba, gaban rundunarsu da nisa, aka ce su riƙe gadar nan kwana biyu, babbar runduna tana tafe. Suka riƙe har suka wuce kwanakin da aka ce, harsashi yana ƙarewa, ruwan sha yana ƙarewa, suna ta duban hanya. Rundunar ba ta iso ba.

Ban san lokacin da na ce: “Binne aka yi da su” ba. Bai gane ba, sai na ba shi labarin gonata, da yayyafin, da yadda gero ya fito yana jira. Ya sa yatsa a kan wani ɗan gida a bakin gadar, ya ce babansa a nan ya tsaya har aka kashe shi, shi kuma yana goye a lokacin. Na yi masa ta’aziyya kamar jiya abin ya faru. Kunya ta rufe ni, na ga na ɗauki mutanen da suka kwanta a ƙasa suna jiran ceto na yi musu kwalliyar biki. Ya mayar mini da su goman, ya ce ranar kasuwar Tsanyawa mai zuwa zai biyo ta ƙauyenmu. Idan ba su yi ba, zai aika da akwatin ƙasarsu a yi masa a can.

Na dawo gida hannu biyu. Inna ta dubi keken ta ga ba buhu, ta bari sai da na ci ɗan abin da aka ajiye mini. Sannan ta ce: “Sale, ni na liƙe tulun nan, ni zan fasa shi. Ba zan kwana a kan hatsi jikokina suna kuka ba.” Na ce: “Inna, ki yi mini haƙuri zuwa ranar kasuwa.” Ta ce: “Ranar kasuwa, idan rana ta karkata ban ga komai ba, turmi zai yi ƙara a gidan nan.”

Wanke su kaɗai ya ci mini yini guda. Na jiƙa su a kananzir, na bi kowane lungu da ƙayar aduwa har dalma ta fito. Ɗaya ne na bari da kwalliyarsa da farko, don in riƙa dubansa ina tuna abin da ba a so. Sannan na fara dabbare-dabbare, sai hannuna ya ƙi. Wallahi ya ƙi. In na ɗiga kore nan, sai in ga na ɗiga ɗan’uwansa a ɗaya gefen daidai wa daida. In na ce in karkata, sai layin ya miƙe da kansa, kamar maigidana Tanko yana tsaye a bayana da ƙotar buroshi. Abin da ya fito ya fi kama da atamfa. Kwana biyu ina yi ina gogewa, har ido ya fara yi mini yaji, na jefar da karan na fita gona don kada in yi wa wani faɗa a gida.

A gonar ba komai sai tushiyar kara da busassun ganye. Ina tafe sai makwarwa ta tashi fir daga gindin ƙafata, ta sauka can gaba kaɗan. Na ga inda ta sauka da idona, amma da na duba sai na rasa ta. Na tsuguna, na ƙura wa wurin ido kamar mai neman allura, sai can na ga ƙwayar idonta ta motsa. Tana nan a fili, ba abin da ya kare ta. Na daɗe ina kallon bayanta. Ba launi ɗaya da ke da iyaka, kowanne ya shiga cikin ɗan’uwansa. Mai haske a ƙasa, mai duhu a kansa, babu ɗigo biyu masu girma ɗaya, kuma ba inda yake ƙyalli. Na ce Allahu Akbar. Na shekara arba’in ina korar tsuntsuwar nan daga gona, ban taɓa sanin aikin da ke jikinta ba. Tsoro da daɗi suka kama ni lokaci guda, na koma gida da sauri kafin abin ya fita daga idona.

Daga nan aikin ya buɗe. Na fara da ruwan ƙasa mai haske a rigar duka, na bari ya bushe. Na kawo kore mai duhu na ja shi a karkace, ina sakin buroshin kafin ya gama tafiya don bakin ya yage. Na kawo ruwan makuba na ratsa shi a kan koren, wani wuri ya hau, wani wuri ya kauce. Don in karya hannuna, sai na riƙa juya sojan kai ƙasa, in yi masa fenti ban san gabansa da bayansa ba. Hular yadi na mayar da ita ruwan hanta. Na tsinka baƙi da kananzir ya zama ruwa-ruwa, na shafa, ya gangara cikin lungunan aljihu da ƙarƙashin hula ya zauna, sai ga inuwa. Saura ƙyalli, don fentin ko na Mai Awo ne yana ɗan sheƙi. Na roƙi Inna irin tokar da ta zuba wa iri, na tankaɗe ta da tsohon kallabi sau uku, na ɗiba a bakin wuƙa na dama a fenti. Ƙyallin ya mutu murus. A ƙarshe na shafa ƙaro a gindin kowanne na barbaɗa ƙasar gonata. Tara na gama, na goman mai kwalliya lokaci bai bar ni na taɓa shi ba.

Ranar kasuwa tun hantsi nake zaune a ƙofar gida. Azahar ta yi, ba mota. Aka yi la’asar, na ji Inna tana cewa a jawo mata tulu, na ji an gangaro da turmi tsakar gida. Ban shiga ba, don ba ni da bakin hana ta. Ina nan sai ga a-kori-kurar Mai Awo ta ɓullo ta kan burtali, ashe taya ce ta fashe masa a hanya. Na leƙa cikin gida na ce: “Inna, ki dakata kaɗan.” Tana zaune da dutse a hannu, tulun a gabanta.

Mai Awo ya sauko ya ce ina suke. Ni kuwa tun da rana na jera su a ƙasa a gefen danga, inda iska ta tara ganye da guntayen kara, taku uku daga inda ya tsaya. Na ce: “Yallaɓai, ga su nan gabanka, su tara, nemo su.” Ya duba hagu, ya duba dama, ya dube ni ko wasa nake. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sai ya durƙusa, dogon mutum har ƙasa, ya fara rarrafe. Ya sami ɗaya ya yi ihu. Ya sami na biyu, da na uku. Masu dawowa daga kasuwa suka tsaya suna kallon Bature yana tonon shara a ƙofar gidana. Ya tsinci bakwai, biyu suka gagare shi, sai da na nuna masa ɗaya a gindin tsinken kara, ɗaya kuma dab da gwiwarsa. Ya ɗaga wannan na ƙarshe ya daɗe yana kallon fuskar. Ya ce: “Ba ka yi masa ido ba.” Na ce malaminmu ne ya hana. Ya ce: “Bar shi haka. Ji nake kamar yana duban hanya.”

Ya je bayan mota ya yaye tamfol. Ga akwatin sojoji, ga buhun masara, ashe tun daga gida ya ɗoro su, bai dai san ko zai sauke ba. Da aka shigar da buhun, Inna ta dubi shi, ta dubi tulun, ta ajiye dutsen. Akwai ’yar tsaga a lakar bakin inda ta fara ƙwanƙwasawa. Ta sa aka kawo mata ruwa, ta kwaɓa sabuwar laka ta shafe wurin da hannunta, ta ce a mayar mata da shi ƙarƙashin gado. Turmin ya yi ƙara a ranar kamar yadda ta ce, amma masara aka surfa.

Aikin akwatin nan ya ɗauke ni har damina biyu, da masu bindiga, da masu ɗaukar marasa lafiya, da ’yan ƙananan motocinsu. Idan na yi ƙoƙari uku nake gamawa a yini, kuma ba biyu da suka fito iri ɗaya. Na taɓa tambayar Mai Awo ko a kan teburinsa rundunar takan iso. Ya ce wani lokaci takan iso, idan ƙwayar ludo ta yi kirki, kuma ranar yakan yi barci mai daɗi. Da zai koma ƙasarsu ya bar mini biyu: mai kwalliyar nan, wanda ya ce ba shi da gurbi a yaƙi, da ɗaya daga cikin biyun da ya kasa samu a gindin danga.

Da hadari ya fara haɗuwa a shekarar da aka kawo buhun masarar nan, maƙwabta suka fita binne, ni ma ƙafata tana ƙaiƙayi. Na tsaya a bakin gona da sungumi, sai teburin nan ya faɗo mini a rai, na juyo gida. Sai da aka yi ruwa mai ƙarfi har ƙasa ta jiƙu kamu guda, sannan Inna ta fasa tulun da kanta. Irin ya fito fes cikin tokarsa, ko ƙwaro ɗaya babu. Muka shuka, ruwa ya biyo baya, kuma daga wannan shekara ban sake zuba iri a ƙasa in bar shi yana jira ba.

Geron nan shi muke shukawa har yau. Furar da kuka sha a zaurena kuna cewa wasan yara ne, daga tulun nan ta fito. Shi kuwa ɗaya sojan, da kuka shigo ina ganinku na ajiye shi a ƙasa, a gindin randa, inda ake tara takalma. Ku biyar ne, kun fi awa guda a zaune, kowannenku ya tashi ya ɗebi ruwa a randar. Mai minti goma, kai har takalminka ka cire a gefensa. Ba wanda ya gan shi.